Ranar da Nurlibek ya mai da Apa mai raino

Almati, 27 ga Agusta

Yaya Serikbol,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kana lafiya, ya kawo sauƙin gwiwar nan taka. Mu nan jiki lafiya, tuffa ta cika kasuwa, ɗalibaina kuma sun kusa dawowa daga hutu.

Raina a ɓace nake rubuto maka, kuma ƙaninmu Nurlibek ne sanadi. Kamfaninsa zai tura shi Jamus nan da shekara biyu, shi ya sa yake nema wa 'yarsa Inkar gurbi a makarantar Jamusawa ta nan. Wata uku ina koya mata ƙirga da gaisuwa da Jamusanci, kan yarinyar nan kuwa yana ja, har daɗin koyarwa nake ji. Ranar Talata muka je ganawa, ni da shi da Inkar da mahaifiyarmu Apa, wadda ta ce ba inda 'yarta Inkar za ta ba tare da ita ba.

Shugabar makarantar ta ce Inkar ta zana iyalinta. Ta zana kakarta Apa da ɗankwali, ta ce mamarta ce. Ta zana wani dogo riƙe da waya, ta ce yayanta ne Nurlibek. Ina laifi? 'Yar fari ce, tun tana wata shida aka miƙa wa kakarta ita bisa al'adarmu, yadda kai ma aka miƙa ka ga kakanninmu. Matar ta duba takardar haihuwa, ta nemi bayani cikin ladabi. Magana biyu ta isa ya fahimtar da ita. Sai gogan naka ya yi dariyar yaƙe, ya ce da Jamusancinsa na jiya-jiya, wai tsohuwar mai raino ce da suka ɗauko daga ƙauye. Uwar da ta haife shi, Yaya, tana zaune a gefensa!

Ya manta Apa ta tashi ne a ƙauyenmu na Karaganda tare da 'ya'yan Jamusawa. Ta gyara zama, ta ce wa matar da Jamusancin tsofaffi, ƙwarai ita mai raino ce, ita ta raini wannan ƙaton da ya kai shekara tara yana fitsarin kwance, ga kuma sakamakon wankin da ta sha. Na rasa inda zan sa fuskata. A mota ya ce wai tsoro ya ji kada Turawa su ɗauke mu 'yan ƙauye. Na ce masa sannu sarkin wayewa, ai yanzu sun san wane ne ɗan ƙauyen.

Jiya takarda ta zo, an ɗauki Inkar. Amma tun ranar Apa ba ta ƙara karɓar shayi a gidansa ba, ta ɗaure kayanta za ta koma ƙauye. Inkar kuma ta ce ƙafarta ƙafar mamarta, makaranta ta ci kanta. Litinin ake buɗewa. Kai ne babba, ka kira shi ya je ya durƙusa. Makaranta na son sunan mai ɗauko yarinya kullum. Na rubuta sunan Apa, a gurbin dangantaka na sa uwa, na ajiye masa takardar. Sai ya sa hannu a gabanta za ta kwance kayan.

Ka gaida Yaya Maira da su Alibi da Zere.

Ƙanwarka,
Raushan