Mubina Ba Ziyara Za Ta Zo Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga ƙanwata Inno, da fatan kina lafiya, ciwon ƙafar nan kuma Allah Ya sa ya sake ki. Mu nan unguwar Bani Malik alhamdu lillahi, sai zafi da tsufa, su kuwa iƙamarsu, takardarsu ta zaman ƙasa, ba ta ƙarewa.

Tun ina sabon zuwa Jidda nake jin raɗe-raɗi, wai akwai gidajen mutanenmu da in ka tambayi yawan 'ya'ya sai a tsallake ɗaya, wanda ake turawa ɗakin baya da zarar baƙo ya yi sallama. Na ɗauka hirar masu shayi ce. To Inno, ashe gidan ɗanki Rafi'u yana ciki. Jikarki Mubina ba ta kallon idon mutum, ƙarar fanka ma takan sa ta toshe kunne. Ba ta da zancen kanta, amma duk abin da ya shiga kunnenta sau ɗaya sai ta maido shi da muryar mai shi, har da tarinsa. Ranar nan ta ja sura da muryar limaminmu, saura kaɗan in tashi neman sahu. Likita ta ce halitta ce, a bi ta a hankali, kanta ya fi na da yawa cikinmu. Rafi'u ya ce aljanu ne ke aron bakinta. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, abin da aka samu kawai shi ne ta ɗauke muryar mai ruƙiyyar.

Rafi'u ya gaya miki zai kawo ta Kano ziyara bayan Salla. Ba ziyara ba ce. Akwai wani malami a bayan gari mai sa wa irinsu mari a ƙafa, can za a wuce da ita daga gidanki, fasfonta ya dawo a aljihun ubanta. Ke kaɗai yake shakka. In sun sauka, da na ce ki riƙe hannunta, amma ba ta son a taɓa ta. Ki riƙe fasfon.

Ki gaishe min da Usama, da Nana Khadija da yaranta.

Na san za ki tambayi inda na ji. Uwar Mubina, Yasmin, ita ce ta fara faɗa mini tana kuka, na ce ɓacin rai ne. Ta ƙarshe kuwa Mubina ce. Tana zaune gabana tana jera dabino, sai ta ce da muryar ubanta sak, wai a kai ta, halas, magana ta ƙare, kada a dawo da ita. Ko kai ba ta ɗaga ba.

Yayanki,
Ɗayyabu