An Juya Gadon Baba

Wad Madani, Satumba 1968

Zuwa ga Yaya Bilkisu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da Mallam Jibirin da yara da dukan mutanen gida a Kamlin.

Baba ya ci abinci jiya. Ya cinye wainar kisra da miya, ya kuma yi ƙorafin cewa gishiri bai ji ba.

Ban rubuto miki tun da aka yi masa aiki ba, don ban san me zan ce ba. Hakim, wato likita, ya ce aikin ya yi kyau, amma Baba ya daina ci, ya daina magana, ba ya barci. Ranar Juma'a ya kira ni ya yi mini wasiyya a kan gonar auduga, ya ce in nema masa gafararki. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ban ɓoye miki ba.

Wani tamarji, wato mai jinya, sunansa Salmanu, shi ne ya jawo kujera bayan ya wanke wa Baba ciwo, ya zauna. Bai lallashe shi ba. Hira ya ja shi da ita a kan ban-ruwa da tsutsar auduga, har Baba ya faɗi abin da ke ransa.

Ashe da ya farfaɗo daga aikin, ya sami kansa kwance a gefen dama, fuskarsa ga alƙibla, ana jiƙa masa leɓe da auduga. Kin san haka shi da kansa ya yi wa Kaka Mati ranar da ya cika. Sai ya ɗauka likitoci sun sallama shi, mu kuma muna ɓoye masa.

Salmanu ya bayyana masa cewa yankan a hagu yake, shi ya sa aka kwantar da shi a dama, kuma ba a ba wanda aka yanka ruwa nan take. Baba bai yarda ba. Sai Salmanu ya kira ni muka juya gadon ya bar alƙibla ya fuskanci taga. Ya ce masa, "Baba, wanda muka fid da rai a kansa ba ma wahalar da kanmu da jan gadonsa."

Baba ya yi barci har hantsi.

Hakim ya ce mai yiwuwa a sallame shi Alhamis, amma sai ya duba ɗinkin tukuna. Kada ki turo kowa tasha sai na aiko.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanenki,
Ladan