Sabon Injin Lambu Ba Ya Ƙara

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya sanyin Jos? Mu nan lafiya lau.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba: ina kewar tsohon injin ban ruwanmu. Baba ya sa na sola a lambu, ba fetur, ba hayaƙi, kowa na murna. Amma kin tuna yadda muke waƙa muna tsinkar tumatir, ƙarar inji ta rufe mu? Wannan shiru yake.

Jiya na manta na fara rerawa. Baba ya ɗago kai, kunya ta kama ni, na yi tsit. Ya ce, "Ƙarasa mana, Binta." Na kasa.

Ki gaida maigidanki, ki sa mu a addu'a. Gobe zan ƙarasa masa, ko da a hankali ne.

Ƙanwarki,
Binta