Katin Sale a Jeren Inna

Zuwa ga Yaya Habu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Talatu da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Birnin Kudu sai godiya.

Bayan haka, autanmu Sale ya zo hutu daga Legas, inda kamfaninsu ya tura shi koyon kwamfuta. Tsarabarsa wani kati ne mai huji-huji, wai da shi ake ba injin kwamfutar umarni. Inna na gani ta ce, "Wayyo, gara ta cinye wa yaron nan takarda!" Da ya yi mata bayani kuwa, sai ta kafa katin a tsakiyar jeren kwanukanta. Har daga Fagam dangi ke zuwa kallo.

Yaya, ni fa na koya masa tafireta a ofishinmu, ni na ɗora yatsunsa a kanta, amma shi kamfanin ya tura Legas. Yau shi ne Injiniya, ni kuwa mai ɗebo wa 'yan kallo ruwa.

Ka sa ni a addu'a, kuma ka cigita mini ko ana koyar da injin nan a wajenku. Ka gaida mutanen gida. Inna ta ce lallai in sanar da kai Sale ya zama babban mutum. To, na sanar.

Ƙaninka,
Garba