Gashi a Kan Matashi

Zuwa ga Autata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar surukarki?

Kin san furannin okid da nake reno cikin kwalabe a ɗakin baya, tun da cibiyar bincike ta sallame ni da agogon bango bayan shekara talatin. Tsironsu nake jiƙawa a wani magani, kolcisin, ya ninka musu ƙwayoyin gado, furen ya fito da faɗi da kauri. Guba ne. Ni na koya wa waɗanda ke kan kujerata yau hakan.

Jiya da hantsi robar da ake sa wa bututun gilashi a zuƙo maganin ta tsage. Sai na yi yadda aka koya mana a zamaninmu: na sa bututun gilashin a baki na ja. Tari ya sarƙe ni. Auta, na haɗiye, kuma wanda ban sirka ba ne.

Maƙwabcina tela ya kawo ni asibiti. Amai da zawo ba sa tsayawa. Kada ki gaya wa yayyenki, za su ce dama sun faɗa.

Mahaifinki.

Autata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jikin ƙaramin?

Yau kwana uku. Aman ya tsaya, ma'aikaciyar jinya har tana tsokanata wai ango ya warware. Ban yi dariya ba. Na san wannan maganin: yakan yi lamo, ya bar mutum ya sha shayi, alhali yana can cikin ɓargo yana hana jini sabuntawa. Abin da nake wa tsiro shi yake mini. Ba shi da makari. Da jahili ne ni, da na ji daɗin shayin nan. Ilimin da bai riƙe mini aiki ba, ga shi ya hana ni sakewa.

Kowace safiya ina duba dasashina ko ya fara jini. Tsoro nake ji, 'yata. Ban taɓa gaya miki haka ba. Ki zo.

Mahaifinki.

Autata,

Ina gaishe ki. Na san kina hanya, tela zai miƙa miki wannan a tasha.

Yau kwana goma sha biyu. Na tashi na ga gashina zube a kan matashi, kamar an fige kaza. Mai shara ta yi salati ta juya baya. Ni kuwa na damƙe shi na fashe da kuka, don na tuna abin da na karanta tun ina saurayi: sai wanda ya tsallake kisan gubar nan ne yake kaiwa ranar zubar gashi.

Ki biya ta gida ki buɗe wa kwalaben taga. Ki sayo mini sabuwar roba, da hula.

Naki har kullum,
Baba Mai Kwalabe.