Nafkin Goma Sha Biyu a Kan Igiya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauƙaƙa muku zaman nesa da gida. Yaya gwiwar nan taki da take tashi idan an yi sanyi? Mu nan sai godiya. Gwaggo tana nan da bakinta, ba abin da ya ragu. Maigidana Direba yana kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen mako muke sa ran ganinsa. Ɗiyarki kuwa, wato jaririyata, wadda muke kira Tsuntsuwa saboda yadda take wangale baki idan ta ji yunwa, jiya ta cika wata uku.

Ki yi haƙuri da rubutun nan, za ki ga layin yana hawa yana sauka. Daga fara shi zuwa yanzu sau huɗu na tashi na leƙa taga. Na zaɓi takarda ne don na san halinmu a waya: ina faɗin kalma uku za ki fara faɗa, ni kuma in fara kuka, kiran ya ƙare ba wanda ya ji wani. Yau sai kin saurare ni har ƙarshe.

Kin san abin da ya shiga tsakanina da Baba, amma rabin labarin na ba ki. Ranar da ya ƙara karo da babur ɗinsa, karo na biyu ke nan cikin wata guda, ina da cikin wata bakwai na je na same shi a ƙofar gida yana goge jini a gwiwa, abokan hirarsa zagaye da shi. Na zare makullin na jefa a jakata. Wannan kin sani, kin ma ce na yi daidai. Abin da na ɓoye miki shi ne maganar da na faɗa. A gaban tsofaffin nan na ɗaga murya na ce, "Baba, idonka ya daina gani, ka yarda kawai." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya dube ni ya ce tunda idon ba ya gani, ai ba zai ga hanyar gidana ba. Wata biyar ke nan, Yaya. Na haihu bai zo ba. Bokiti sabo da sandar sabulu ya ba Gwaggo ta kawo min, ko "barka" bai haɗa da su ba. Na je gidansa sau uku da yarinyar, duk ukun aka ce ya fita. Kin san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni ma sai na ɗau zafi na daina zuwa.

To ga inda nafkin ɗinki suka shigo. Wallahi ranar da na kwance ƙunshin da kika aiko na ga fararen ƙyallaye ashirin da huɗu, dariya na yi har da riƙe ciki. Na ce Yaya ta tafi nesa ta koma zamanin kakanninmu. Ga ƙunzugun kanti, ka ɗaura ka cire ka yar, wa zai tsaya wanki? Na cusa su ƙasan akwati. Sai da zafi ya tsananta, cinyoyin yarinyar suka yi ja, fatar ta fara saɓulewa, malamar asibiti ta ce in bar fatar ta sha iska, sannan na tono su ina jin kunyarki daga nan. Cikin mako guda jan ya baje. Tun daga nan ban koma na kanti ba, sai dai idan za mu yi tafiya mai nisa.

Amma fa aiki ne, kada ki ce ban faɗa ba. Bokiti biyu nake da su a bayan ƙofa, ɗaya na fitsari ɗaya na kashi. Da safe in ɗauraye, in jiƙa da ruwan zafi, in cuɗa da sabulu har yatsuna su yi yaushi, in ɗauraye sau uku don kada sabulun ya ci mata fata. Fatar hannuna ta zama kamar ta mai wankin mota. Tsakar gidanmu kin san ta, ƙunci ga inuwa, don haka na ɗaura igiya a waje, daga ƙarfen taga zuwa sandar da ke bakin hanya, inda rana take fara sauka. Kullum goma sha biyu nake shanyawa, wani lokaci sha uku, reras, duk mai wucewa yana gani.

Makon jiya sai wankin ya fara raguwa. Yaya, ki ji wautar ƙanwarki: murna na yi. Yarinyar ta rage kuka, ta yawaita barci, ta kama nono ta ɗan tsotsa ta saki. Jikinta da ɗan ɗumi, na ce zafin gari ne. Har na yi wa maƙwabciyata alfahari, na ce Tsuntsuwa ta fara hankali, ta tausaya wa hannuna. Ban taɓa ƙirga nafkin ba, ni dai na ga bokiti bai cika ba, na gama da wuri, na samu na miƙe ƙafa.

Ranar Laraba da safe ina cikin shanya, ban ma gama sa maƙalai ba, sai na ji takun mutum a bayana. Na juya, Baba ne. Ya rame, gemun ya ƙara fari, da takalmi ƙafa ɗaya a hannunsa. Ban san lokacin da na durƙusa ba. Bai amsa gaisuwata ba, bai ma dube ni ba, igiyar yake kallo. Ya ce, "Ranar Lahadi sha biyu. Litinin tara. Jiya shida. Yau huɗu. Ɗauko yarinyar." Na tsaya baki buɗe, sai ya daka min tsawar da rabon da in ji ta tun ina makaranta. Na ruga ciki. Shi kuwa ko dokin ƙofa bai taka ba, a waje ya tsaya ya tare mana mota.

A asibiti malamar ta taɓa maɗigar yarinyar, ta ce ta faɗa. Ta ja fatar cikinta, ta leƙa bakinta, ashe ƙuraje ne a ciki suka hana ta tsotso, ga zazzaɓi yana ƙone ɗan ruwan da ke jikinta. Ta tambaye ni sau nawa ta yi fitsari daga jiya zuwa yau. Daga bakin ƙofa Baba ya jero mata lissafin kwana huɗu, ta rubuta a kati. Ta ce da mun ƙara kwana ɗaya, labarin zai iya zama wani. Sai ta tambaye shi cikin raha inda ya koyi wannan, ko ya taɓa aikin asibiti ne. Ya ce a'a, shi ya wanke na uwar yarinyar na tsawon shekara guda, lokacin da mai ɗakinsa take kwance, kuma wata tsohuwar unguwarzoma ce ta ce masa ya riƙa ƙirgawa, ranar da suka ragu ya ɗauki yarinya ya nufi asibiti.

Yaya, me ya sa ba ki taɓa gaya min ba? Shekararki tara lokacin, ba za ki ce ba ki gani ba. Na san Inna ta yi jinya bayan haihuwata har Allah ya karɓi abarsa, amma a zatona Gwaggo ce ta yi ɗawainiyata. Ashe Baba ne yake durƙusawa gaban bokiti kafin ya tafi shago. Mutumin da ya cuɗa ƙazantata da hannunsa shi na tsaya gaban abokansa na ce ba ya gani. Ina tsaye riƙe da hannun Tsuntsuwa ana neman jijiyar da za a sa mata ƙarin ruwa, hawayena na zuba, malamar tana ba ni haƙuri a kan yarinyar. Rabin kukan ba na yarinyar ba ne.

Kwana biyu muka yi aka sallame mu. Yanzu alhamdulillahi tana tsotso kamar za ta haɗa da ni, bokiti kuma ya koma cika, ban taɓa tsammanin zan yi farin ciki da warin fitsari ba. Kwana biyun nan Baba yana zuwa ya zauna a bencin waje, ya tambayi malamai, ya tafi. Ranar sallama ya rako mu har bakin hanya, ya ga mun shiga gida, ya juya. Na kira shi, na ce ya yi wa Allah ya shigo ko ruwa ya sha. Ya ɗaga hannu kawai ya wuce.

Washegari na tsallaka wurin mai gyaran takalmin da ke daura da gidanmu, don takalmin nan na hannun Baba ya tsaya min a rai. Mutumin ya yi ta dariya. Ya ce ai tsohon nan tun makon da na fara shanya yake zuwa, kullum da safe, da takalmi ƙafa ɗaya wai a duba masa. Ya ɗinke shi, ya sake masa dunduniya, ya goge, har ya rasa abin da zai yi masa, yanzu sai dai ya karɓa ya ajiye su yi hira. Ya ce Baba yakan zauna daga ciki, bayan buhun da ya rataya don rana, inda ba zan hango shi ba. Ba ya gane fuskar mai wucewa sai ya matso, amma farin ƙyalle a rana yana ganinsa sarai. Ya ƙirga da yatsa, ya ce alhamdulillahi, ya karɓi takalminsa. Motar haya biyu yake hawa kafin ya iso, tunda na raba shi da babur.

Tun daga ranar na rasa sukuni. In ba shi makullin? Idon nan da gaske ya yi rauni, kin sani na sani, in na ba shi ya je ya faɗa ƙarƙashin mota ba zan yafe wa kaina ba. In je in durƙusa gaban abokansa in janye maganata? Na je shekaranjiya, na yi, tsofaffin suka yi ta sa min albarka, shi kuwa ya ce ya ji, Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ci gaba da jan carbinsa. Jiya da safe kuma ga shi can bayan buhu yana ƙirga. Wato ya yafe, amma hanyar gidana har yanzu bai gan ta ba.

To yau na yi wani abu, ban sani ba ko dabara ce ko rashin kunya. Da sassafe na kwance igiyar daga waje na ɗaura ta a tsakar gida. Na san ba za su bushe da wuri ba, ko oho. Na roƙi mai gyaran takalmi ya gaya wa Baba yarinya lafiyarta ƙalau, kada hankalinsa ya tashi, igiya ce kawai ta koma ciki, ƙofa kuma a buɗe take. Tun ƙarfe takwas yake zaune. Yau bai ɓuya bayan buhu ba, ya fito da bencin fili, ya zuba wa sandar nan ido. Na share ɗaki sau biyu, na ɗora ruwan shayi ya tafasa ya huce na sake ɗorawa. Idan ya tashi ya tafi fa? Idan ya ɗauka na hana shi ɗan abin da ya rage masa ne? Ga shi ma ya miƙe. Yaya, bari in ajiye biron nan.

Na dawo. Ki karanta a hankali. Ya tsallako, ya yi sallama a bakin ƙofa kamar baƙo, na amsa daga tsakar gida da yarinyar a kafaɗa, na ƙi fitowa. Ya daɗe a tsaye. Sai na ji ya tuɓe takalmi. Ya shigo yana laluben bango, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya nufi igiya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa, har da gyara min maƙali biyu, wai haka ake shanya a ninke, yaushe za su bushe. Da ya kai ƙarshe ya juyo fuska a murtuke ya ce, "Sha ɗaya ne. Ina na sha biyun?"

Na ce, "Yana jikinta, Baba. Duba da kanka." Na miƙa masa ita.

Ya karɓe ta. Ya kai fuskarta dab da tasa, ya daɗe yana kallo, ita kuma ta wangale masa bakin nan nata. Maganar makulli ba wanda ya tayar, yana nan cikin jakata, kuma a can zai zauna.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, ki shafa min kan 'yan biyu, ki ce ƙaramar uwarsu tana kewarsu. Gwaggo tana gaishe ki, maƙwabciyata ma ta ce in miƙa tata. Idan kin samu mai zuwa ki ƙaro min nafkin ko dozin ɗaya ne, na janye dariyar da na yi miki. Na tambayi Baba ko yana da saƙo gare ki, ya ce in ce miki yana da aiki a hannu. Yana nan zaune a kan tabarmata, na sha biyun ya jiƙe har ya ratsa masa riga, na zo karɓarta ya hana ni, ya ce in kawo masa busasshe da ruwan ɗumi kawai.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Auta