Gwandojin Bapak

Dieng, 3 ga Agusta

Assalamu alaikum Mbak Sarmi. Ya zafin Semarang? Ki ƙunso mana kaɗan a leda, mu nan haƙora ke kaɗawa.

Raɓar dafi ta sauka shekaranjiya. Da asuba ciyawa fara fat da ƙanƙara, kafin hantsi dankalin maƙwabcinmu Pak Dirjo ya koma baƙi ƙirin. Mak, mahaifiyarmu, tana ɗaki jikin kaskon gawayi, ciwon ƙafa ya hana ta fita. Tambayarta ɗaya kullum: ya gwandojin dutse sha biyun da marigayi Bapak, mahaifinmu, ya dasa? Kada ki damu, na buɗe akwatinki na lulluɓe su da zannuwan aurenki. Wallahi sun fi ki kama da amarya.

Ƙaninki na kirki,
Tugiyo

Semarang, 7 ga Agusta

Wa'alaikumus salam. Bayan gaisuwa ga Mak, kai Tugiyo, kanka ɗaya kuwa? Shekara biyu ina kan keken ɗinki kafin na haɗa kuɗin zannuwan batik ɗin nan. Ka cire su yau. Ka aro raga, kuma ka yayyafa wa ganyen ruwa kafin rana ta taɓa su, yadda mahaifinmu ke yi. Allah ya shirye ka.

Yayarka,
Sarmi

Dieng, 11 ga Agusta

Mbak, salam. Ban taɓa akwatinki ba, tsokana ce. Da ma na taɓa ɗin.

Raga babu ko ɗaya a ƙauyen, kowa ya rufe dankalinsa. Ran Talata, kafin wasiƙarki ta iso, na tarar da gwandojin sun sandare. Tausayi ya kama ni, na ɗauko butar kan kasko na kwarara musu ruwan zafi. Tara sun dafe kamar alayyafo. Saura uku.

Mak ta tambaya, na ce lafiya lau. Ta yi dariya, wai cikin 'ya'yanta ni na gado hannun Bapak.

Sama wasai take, ko gajimare ɗaya babu, kin san raɓar dafin na nan tafe kuma. Na kasa zama, sai zagaya lambun nake. Yaya zan yi?

Tugiyo

Semarang, 13 ga Agusta

Na ba direban motar Wonosobo wannan don ta same ka yau. Buɗe akwatin. Ka kakkafa gora, kada zani ya taɓa ganye. Fara da mai ruwan ƙasan nan, ya fi kauri.

Maganar gwandoji taran nan ka bar min. Ina tafe Alhamis, tare za mu shiga ɗakin Mak.

Allah ya tsare,
Sarmi